Darasi: Tsofaffin Makabartu da Tarihin Gidajenmu

'Yan'uwa masu-karatu, a cikin darasin wannan wata za mu yi magana a kan wani wuri wanda yawancinmu ba mu zuwa sai ran da aka yi rasuwa, watau makabarta.

Bara, bayan an gama girbi, muka tafi tare da waɗansu samari na wata ekklesiya domin mu nemi kabarin mai-bishara na farko da ya zauna a ƙauyensu. Jikokinsa biyu suna cikinmu, amma ba wanda ya san wurin. Muka tambayi dattawan majami'a, kowa ya nuna wajen gabas, ya ce, can ne. Daga baya aka kai mu wurin wata tsohuwa wadda idonta ya yi rauni. Ta dafa kafaɗar ɗaya daga cikin samarin, ta kai mu gindin wata tsamiya, ta ce mu share nan. Da muka share sai ga wani falalen siminti, an rubuta suna a kansa da ƙusa tun yana ɗanye. Kusa da shi kuma ga waɗansu ƙanana guda biyu. Jikokin nan ba su taɓa jin kakansu ya binne 'ya'ya biyu a garin ba sai ran nan. Tsohuwar ta faɗa mana sunayen yaran, muka rubuta. Kafin damina ta faɗi ita ma ta rasu. Da mun yi jinkiri na wata shida, da sunayen nan sun tafi tare da ita.

Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi nazarin abin tare.

1. Mutanen Littafi Mai-Tsarki sun san kaburburan iyayensu

A cikin Farawa sura 23 mun karanta yadda Ibrahim ya yi sa'ad da Saratu ta rasu a Hebron. Mutanen ƙasar suka yi masa tayin wuri kyauta, amma ya ƙi. Ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa a gaban shaidu, ya sayi gonar da kogon Makfela. Mu lura, wannan shi ne yanki na farko na ƙasar alkawari da ya zama mallakar Ibrahim, makabarta ce kuwa. A can aka binne shi kansa, da Ishaku da Rifkatu, da Lai'atu da Yakubu. Yakubu yana bakin mutuwa a Masar ya lissafta wa 'ya'yansa waɗanda ke kwance a kogon nan ɗaya ɗaya.

Rahila ta rasu a kan hanya kusa da Baitalami, Yakubu kuwa ya kafa dutse a kan kabarinta domin kada wurin ya ɓace. Yusufu ya rantsar da 'yan'uwansa a kan ƙasusuwansa, Musa ya ɗauke su daga Masar, a ƙarshe aka binne su a Shekem. Nehemiya kuma, da sarkin Farisa ya tambaye shi dalilin baƙin cikinsa, sai ya ambaci birnin da kaburburan kakanninsa suke, wanda ya zama kango.

Akwai wani labari a cikin 2 Sarakuna sura 23 wanda ya dace da darasinmu ƙwarai. Sarki Yosiya yana rushe bagadin Betel, sai ya hangi wata alama a cikin kaburbura, ya tambaya ko ta wane ne. Mutanen garin suka amsa masa, suka ce ta mutumin Allah ne wanda ya zo daga Yahuza. Wajen shekara 300 ke nan da binne mutumin. Abu biyu suka ceci ƙasusuwansa ran nan: alamar da aka kafa, da mutanen da suka riƙe labarin. Dutse shi kaɗai bebe ne. Labarin baka shi kaɗai kuma yakan shuɗe. Sai an haɗa su biyu.

2. Abin da ba mu zuwa yi

Waɗansunmu sun fito daga gidajen da ake zuba giya ko jinin kaza a kan kushewar kaka domin neman ruwan sama ko haihuwa. Saboda haka dattawa da dama suna jin tsoro kada ziyarar kabari ta komar da mutane baya. Tsoronsu yana da dalili, gama Kubawar Shari'a sura 18 ta hana neman shawara daga wurin matattu. Musa kansa ba wanda ya san inda aka binne shi. Sai mu faɗa a sarari: ba mu roƙon kome a wurin wanda ke kwance, ba mu kai masa kome, ba mu kuwa jin tsoronsa. Muna zuwa domin mu karanta, mu rubuta, mu gode wa Allah saboda waɗanda suka riga mu. Yaron da aka koya masa haka zai shiga makabarta da natsuwa, kamar yadda yake shiga ɗakin karatu.

3. Kaburbura a ƙasarmu

Bisa ga al'adar ƙasar Hausa ba a rubutu a kan kabari. Akan tara ƙasa, a sa itace ko fasasshen tulu, bayan 'yan damuna kaɗan wurin ya baje. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa suna ganin bai kamata a yi gini a kan kabari ba, sai mu girmama wannan. Duk da haka akwai waɗanda aka kiyaye. A ƙasar Katsina akwai Durɓi ta Kusheyi, sunan wurin ma ya faɗi abin da ke can, watau tuddan kaburburan sarakunan dā. A Sakkwato akwai Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya rasu a 1817, a Wurno kuma na ɗansa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1837. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, inda aka yi yaƙi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru yana kwance, Baturen soja Manjo Marsh wanda ya mutu a yaƙin nan shi ma yana kwance ba nisa da shi. A Bauchi akwai kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda aka kashe a 1966.

Duwatsu masu rubutun boko sun shigo tare da Turawa. A Lakwaja da Zungeru, inda gwamnatin Arewa ta zauna kafin ta koma Kaduna, akwai makabartun ma'aikata da sojoji da 'yan mishan. Wanda ya bi layin duwatsun nan yana duba shekarun masu su zai ga da yawa samari ne, zazzaɓi ya kwashe su. Haka ya faru da Walter Gowans da Thomas Kent, biyu daga cikin mutum uku da suka fara aikin S.I.M. Sun sauka Ikko a 1893, kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma a Bida. A Miango, kusa da Jos, akwai makabartar 'yan mishan, kaburburan ƙananan yara suna da yawa a cikinta. A can aka binne Likita Jeanette Troup, wadda zazzaɓin Lassa ya kashe a 1970 sa'ad da take jinyar masu ciwon a Jos.

Amma kada hankalinmu ya tsaya a kan na Turawa da na manya. Bayan kowace tsohuwar majami'a, ko a Wusasa inda C.M.S. ta koma daga birnin Zariya a 1929, ko a Garkida inda aka fara aiki a 1923, ko a ƙaramin ƙauyenku, akwai na iyayenmu: malaman makaranta, da masu-bishara, da unguwarzoma, da manoma, da matan da suka ɗebo ruwan ginin majami'ar farko. Nasu ne suka fi saurin ɓacewa, gama gicciyen itace gara takan cinye shi, na ƙarfe yakan yi tsatsa, siminti kuma yakan ɓarɓashe.

4. Waɗanda suka tafi yaƙi ba su komo ba

Gidaje da yawa a Arewa suna da kaka wanda aka ce ya tafi yaƙin Bama, ba a sāke jin labarinsa ba. Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a can tsakanin 1943 da 1945. Akwai wata hukuma mai lura da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen da ta rena, an kafa ta a 1917. Ƙa'idarta ita ce dutsen hafsa da na kurtu iri ɗaya ne. Akan rubuta lambar soja, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa, da ranar mutuwarsa. A Taukkyan, kusa da Rangun, a ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, akwai babbar makabarta inda mutanenmu suke kwance, da ginshiƙai masu ɗauke da sunaye wajen 27,000 na waɗanda ba a sami gawarsu ba. Hukumar ta sa sunayen duka a intanet, ana iya nema kyauta. Wanda ke da tsohuwar lambar yabo ko takardar soja a cikin adaka, sai ya duba lambar sojan, gama ita ta fi suna amfani wajen nema. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa akan rubuta soja da sunansa na yanka da sunan gari kawai, masu suna iri ɗaya kuwa suna da yawa.

5. Abin da dutse yake koya mana

Na ɗaya, suna. A nan sai a yi hankali. Mutum ɗaya yana iya zama da suna uku: na yanka, da na rana kamar Ɗanladi ko Talatu, da wanda ya karɓa ran baftisma. Wanda ke kan dutse ba lalle ne shi ne wanda aka san shi da shi a gida ba. Ga kuma alkunya: kakarmu ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, ko da za a kwana ana tambayarta. Sai a nemi ƙanwar mijin ko wata maƙwabciya. Turawa kuma sukan rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, saboda haka a karanta sunan da ƙarfi, a ji abin da ya yi kama da shi.

Na biyu, kwanan wata. Ranar mutuwa galibi daidai take, gama waɗanda suka rubuta suna wurin. Ranar haihuwa da yawan shekaru kuwa sau da yawa kintace ne, domin a zamanin nan ba a rubuta haihuwa. In dutse ya ce tsoho ya yi shekara 100, kada mu yi gardama da 'ya'yansa, amma kada mu gina lissafi a kai. Mu lura kuma, mutanen Amurka sukan fara da wata kafin rana, na Ingila kuwa da rana kafin wata. Saboda haka 3.4.1930 tana iya zama 3 ga Afrilu, tana kuma iya zama 4 ga Maris. In an sami shekarar Hijira, ga hanya mai sauƙi: a raba shekarar da 33, a ɗebe abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Misali, Shehu ya rasu a 1232. In an raba da 33 a sami 37. A ɗebe 37 saura 1195. A ƙara 622, ya zama 1817. Wani lokaci lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, amma ba ya wuce haka.

Na uku, maƙwabtan kabari. Wa ke kwance kusa da wa? Sau da yawa mata tana kusa da mijinta, yara kusa da uwarsu. In muka ga kaburbura da yawa masu shekara ɗaya, sai mu tambaya abin da ya faru: ko yunwar 1914 ce, ko annobar mura ta 1918, ko agana, ko sanƙarau irin na 1996. Ta haka labarin gida ɗaya yakan haɗu da labarin ƙasa.

Na huɗu, aikin hannu. Mu duba irin dutsen da harshen da aka yi rubutu da shi, ko Hausa, ko Turanci, ko harshen ƙabilar wurin. Haruffan R.I.P. daga Latin suke, ma'anarsu addu'a ce mamacin ya huta cikin salama. Ayar da aka zaɓa takan nuna abin da ke zuciyar waɗanda aka bari. Kada mu rena rubutun ƙusa a kan siminti. Wanda ya yi shi wataƙila ya sayar da akuya kafin ya sayi simintin, ya kuwa durƙusa ya rubuta da hawaye.

6. Yadda za mu yi ziyara

(a) Mu fara da tsofaffi kafin mu je wurin duwatsu. Dutse zai jira mu shekara mai zuwa, tsoho kuwa ba mu sani ba.

(b) Mu nemi izini wurin pasto da dattawa, ko mai-unguwa, ko mai-gadin wurin. In makabartar Musulmi ce inda kakanninmu suke, mu tafi tare da danginmu Musulmi, mu bi ƙa'idarsu, kada mu taka kabari ko mu ɗaga murya.

(c) Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka ko farkon rani, sa'ad da ciyawa ta bushe. A sa takalmi mai rufe ƙafa, a riƙe sanda, gama macizai da kunamu suna son ƙarƙashin falale.

(d) Kada a sa wa ciyawa wuta. Zafin wuta yana fasa dutse da siminti, yana kuma cinye gicciyen itace. A yi aiki da lauje da fartanya a hankali.

(e) Wajen wankewa, ruwa zalla da tsumma ko burushi mai taushi sun isa. Kada a goga da burushin ƙarfe ko yashi, kada a zuba ruwan batir ko maganin farar da tufafi. Waɗannan sukan sa rubutu ya fito yau, su cinye shi gobe. Dutsen da yake ɓarɓashewa kuwa kada a taɓa shi ko kaɗan.

(f) In rubutu ya dushe, a zo da sassafe ko da la'asar, sa'ad da hasken rana yake zuwa ta gefe, sai inuwa ta cika ramukan haruffa. Madubi ma yana yin wannan aiki in an karkato da haske da shi. Da madubi muka karanta falalen da muka ambata a farko.

(g) A kwafi rubutun daidai yadda yake, layi layi, har da kuskurensa. Harafin da ba a gane ba a bar gurbinsa, kada a cika da zato. A ɗauki hoto biyu, ɗaya na kusa, ɗaya na nesa wanda zai nuna itace ko gini na kusa. A zana taswirar wurin, a ba kowane kabari lamba, har da waɗanda ba su da rubutu, a rubuta sunan da tsofaffi suka faɗa da sunan wanda ya faɗa.

(h) Bayan an komo gida a gwada abin da aka samu da littafin baftisma da na aure na ekklesiya, da abin da aka rubuta a bangon tsohon Littafi Mai-Tsarki na gida. Wanda yake so ya zurfafa yana iya zuwa gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Shaida biyu sun fi ɗaya.

(i) A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a majami'a. Gara da gobara ba su san littafi mai daraja ba.

7. Me ya sa za mu yi hanzari?

Garuruwanmu suna girma. Makabartar da take bayan gari a zamanin iyayenmu yau tana tsakiyar unguwa. Mai gona yana matsowa da kunya ɗaya kowace shekara, mai gini yana matsowa da tubali, zaizayar ƙasa kuma tana cin nata. Waɗansu ekklesiyoyi sun bar ƙauyukansu saboda tashin hankali, kaburburansu suna can ba mai dubawa. Ekklesiyar da ba ta da takardar filin makabartarta, ba ta kuwa da jerin waɗanda ke ciki, da me za ta tsaya a gaban hukuma ran da wani ya ce filin nasa ne? Ibrahim ya biya kuɗi a gaban shaidu. Mu ma sai mu nemi takarda, mu kafa iyaka, mu dasa itatuwa a kewaye.

Akwai kuma abin da ya fi fili. Yaron da ya tsaya a gaban kabarin kakarsa, aka gaya masa yadda ta yi tafiyar kwana biyu a ƙasa domin ta koyi karatu, ba zai riƙe littafinsa da wasa ba. Wanda ya ga ƙananan kaburbura a jere zai san darajar allurar rigakafi da ruwa mai tsabta. Dukanmu kuwa za mu tuna cewa tsakanin ranar haihuwa da ranar mutuwa ɗan gajeren layi ne kawai magini yakan ja. Mu masu-bi muna kallon duwatsun nan da bege, gama mun san wani kabari a Urushalima wanda aka mirgine dutsensa.

Tambayoyi domin nazari

1. Don me Ibrahim ya ƙi karɓar kogon Makfela kyauta?
2. Waɗanne abubuwa biyu ne suka sa Yosiya ya bar kabarin mutumin Allah?
3. Mene ne bambancin tunawa da matattu da neman taimako daga wurinsu?
4. Don me ranar mutuwa ta fi ranar haihuwa tabbaci a kan tsohon dutse?
5. Shekarar Hijira 1321 ta yi daidai da wace shekara? Me ya faru a Burmi a cikinta?

Aikin wannan wata

Kowane ɗayanmu ya rubuta sunayen kakanninsa huɗu da inda aka binne su. Inda ya kāsa, sai ya tafi wurin wanda ya fi kowa tsufa a danginsa kafin Lahadi mai zuwa, da goro a hannu ɗaya, littafi da fensir a ɗayan. Ƙungiyar samari da zumuntar mata kuma su sa rana tare da dattawa, a share makabartar ekklesiya, a ba kowane kabari lamba.